Daga Kan Dutse Zuwa Bakin Teku A Wuni Guda

Daga Wakilinmu

Jama'a, waɗanda suka baro Arewa suka zauna Legas ko Fatakwal sun san irin nisan da ke tsakanin tudun Jos da bakin teku. To, akwai wani wuri a ƙasar Girka inda mutum zai karya kumallo a kan tudu mai tsayi kamar na Jos, la'asar kuma ta same shi yana wanke ƙafa a cikin teku, kuma duk da ƙafa zai yi tafiyar.

Wurin nan shi ne kwazazzabon Samariya, a kudu maso yammacin tsibirin Kirit. Tun da asuba motoci kan kwashi baƙi daga birnin Haniya, su hau da su duwatsu har tudun Omalos, su sauke su a bakin kwazazzabon, mita 1,200 da ɗoriya sama da teku. Daga nan mota ta gama nata aiki. Abin da ya rage kilomita 16 ne, 13 a cikin kwazazzabo, 3 kuma daga bakinsa zuwa ƙauyen Ayiya Rumeli da ke gaɓar teku. Mai matsakaicin ƙarfi yakan yi awa biyar zuwa bakwai.

Farkon hanyar gangara ce mai tsanani, kuma a nan gwiwa ke fara kuka. Amma akwai inuwar itatuwa, ga kuma idanun ruwa masu sanyi a kan hanya, saboda haka gora ɗaya ta isa, in ta ƙare a sake cikawa. Mai sa'a yakan hangi akuyar dajin da ake kira kiri-kiri, wadda kare ta yana cikin dalilan da suka sa hukuma ta mai da wurin gandun daji a 1962.

Wajen tsakiyar hanya akwai kufan ƙauyen Samariya. Da aka kafa gandun dajin sai aka tashi mutanensa, suka bar gidajensu na dutse da itatuwan zaitun ɗinsu. Duk wanda ya taɓa barin garinsu zai tsaya nan ya yi shiru. Ta wannan kwazazzabo kuma Sarkin Girka, Joji na Biyu, ya tsere a watan Mayu na 1941 lokacin da Jamusawa suka auka wa tsibirin, ya kai bakin teku, jirgin Ingila ya kwashe shi zuwa Masar.

Can gaba ake isa wurin da ake kira Ƙofofi, inda bangayen dutse biyu suka matso juna har faɗin wurin bai wuce mita 4 ba, alhali tsayinsu ya kai wajen mita 300. Mutum ya ɗaga kai sai ya ga sararin sama ya zama kamar zare.

Sai dai fa abin ba wasa ba ne. Ba a buɗe hanyar sai daga Mayu zuwa Oktoba, kuma in hadari ya taso akan rufe ta, don ruwa yana cika kwazazzabon, duwatsu kuma suna gangarowa. A 2024 ma dutse ya faɗo wa wata baƙuwa, ta riga mu gidan gaskiya. Wanda ya ji rauni, sau da yawa a kan alfadari ake fitar da shi.

A Ayiya Rumeli ake samun ladan wahala: rairayi mai duhu, da ruwa garau na Tekun Libiya, wanda in ka miƙe kudu a kansa sai Afirka. Mutane kan tuɓe takalma su tsoma ƙafafun da suka yi bororo, sa'an nan su nemi abinci.

To, ga inda gizo ke saƙa. Babu hanyar mota da ta haɗa ƙauyen nan da sauran garuruwa. Jirgin ruwa ne ke kai mutane Sifakiya ko Sujiya, inda motoci ke jira, kuma yakan tashi wajen ƙarfe biyar da rabi na yamma. Wanda ya yi nawa a hanya, ko daɗin ruwa ya shagaltar da shi, sai ya nemi wurin kwana. Saboda haka mai niyya ya yi sammako, ya sa takalmi mai ƙwari, ya riƙe hula da guzuri, ya kuma riƙa duba agogo. Da ma Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya.