Mai Duba Amfanin Gona: Aikin da Matasa Ba Sa Waiwaya

A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen waken Najeriya ƙasashenta. An sami maganin ƙwari a cikinsa fiye da ƙima, wato dangin fiya-fiya da wasu 'yan kasuwa ke yayyafa wa wake don kada ƙwari su huda shi. Turawa ba su yarda ya wuce miligiram 0.01 a kowane kilo ba, namu kuwa ya zarce haka nesa ba kusa ba. Su sun gano ne domin suna da masu dubawa. Mu kuma irin wannan waken ne ake yi mana ƙosai da alala da shi.

Tsakanin buhun wake da tukunya ya kamata a sami ma'aikaci guda, mai duba amfanin gona. Ana yawan ruɗa shi da malamin gona, amma aikinsu ya sha bamban. Malamin gona shawara yake bayarwa, manomi ya ɗauka ko ya bari. Mai duba kuwa hukunci yake yankewa: kaya kaza ya wuce, kaya kaza bai wuce ba.

Ana samun masu duba a hukumar NAQS, mai tsaron filayen jirgin sama da tashoshin ruwa da iyakoki don kada cutar tsiro ko ta dabba ta shigo ko ta fita, kuma ita ke ba da takardar shaidar lafiyar kayan da za a fitar, kamar riɗi da zoɓo da citta. Akwai Majalisar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa mai tantance iri, akwai NAFDAC mai sa ido kan abinci da magungunan feshi, ga kuma masu duba nama a kwata.

Aikin ba na zaman ofis ba ne. Za ka shiga sito cikin ƙura da warin magani, ka soki buhu ka ɗebi samfuri, ka auna danshi. A gyaɗa da masara abin tsoro shi ne gubar da fumfuna ke haifarwa idan an adana su da laima. Ba kullum ido ke ganinta ba, dahuwa ba ta kashe ta, kuma tana jawo kansar hanta. Sai an kai ɗakin gwaji.

Wanda ke sha'awa ya riƙe darussan kimiyya tun daga sakandare. Daga nan sai digiri ko difloma a fannin noma, kare tsirrai, kimiyyar abinci ko lafiyar dabbobi. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana koyarwa, akwai kwalejin tarayya ta fasahar amfanin gona a Hotoro, Kano, da ta lafiyar dabbobi a Vom, jihar Filato. Mata ma da gurbinsu, musamman a ɗakin gwaji.

Sai dai takarda ba ita ce jarrabawar ba. Ranar da ka tsayar da tirela cike da kaya, mai kayan zai zo da murmushi da na goro, in ka ƙi ya turo maka wanda kake jin nauyinsa. Wani lokaci ma talaka ne, saniyarsa guda ka ce ba za a sayar da namanta ba saboda tarin fuka ya ci huhunta. Wanda ya san ba zai iya cewa a'a ba, gara ya nemi wata sana'ar, domin sa hannunsa ɗaya yana iya kwantar da unguwa.

Iyaye kuma a yi hattara da 'yan damfara. Suna yawo a WhatsApp da Facebook da takardun ɗaukar aiki na bogi masu tambarin hukuma, suna cewa a tura kuɗin fom ko na gurbi. Kafin ka ba kowa ko sisi, ko ka tura masa hoton takardun ɗanka, je ofishin hukumar mafi kusa ka tambaya ko da gaske ana ɗaukar aiki.