Tasawa da Mayayi: daga ina sunan talauci ya samo asali?

Jahar Maraɗi na da suna biyu a bakin mutanen Yamai. In ana zancen kuɗi, sai a ce garin alhazai. In kuma an ga mace da goyo da kwano a bakin danja, kafin a tambaye ta an riga an yanke cewa daga "gabas" ta fito, ko Kance, ko Tasawa, ko Mayayi. Har cikin birnin Maraɗi ana jin irin wannan magana, daga bakin mutanen da kakanninsu suka zo daga ƙauyukan nan.

Maganar ta ƙara ƙarfi tun daga Disamban 2014, lokacin da Aljeriya ta fara maido da ƴan Nijar cikin manyan motoci, sannan a Maris na 2022 da aka kwaso ɗaruruwan mata da yara daga titunan Dakar. Hoton da ya zauna a zukata shi ne na mutanen da ba su son aiki.

Sai dai wanda ya san kasuwannin yankin ba zai yarda ba. Wake, aya, riɗi da jar akuya da ake lodi zuwa Najeriya daga gonaki da garken mutanen nan suke fitowa. Tabarmin kaba da ake shimfiɗawa a birni, da yawansu matan Gulbin Kaba ne suka saƙa.

Matsalar ta fi kusa da ƙasar noma. A ƙidayar 2012, Tasawa da Mayayi kowace ta haura mutum rabin miliyan, kuma binciken lafiya na shekarar ya nuna mace a jahar Maraɗi na haihuwar ƴaƴa sama da 8. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki ke raba ta, ba a kuma barin ta ta huta. Hatsin da aka girbe ba ya kai gida ga damana. Da kaka manomi na sayar da tiya da araha don biyan bashi, da bukin aure ko suna. Watanni kaɗan bayan nan sai ya koma sayen hatsin da tsada, wani lokaci a hannun wanda ya saya daga gare shi. Ribar da ke tsakanin farashin biyu a birni take kwana. Wato sunan alhazai da sunan mabarata kasuwa guda ce ta haife su.

An ga haka ƙarara a 2005. Hatsi na nan jibge a kasuwa, kuɗin sayensa ne babu, kuma a jahar da ake kira rumbun ƙasa ne cibiyoyin MSF suka cika da yara masu tamowa. Rufe iyakar Najeriya a Agustan 2019, da takunkumin CEDEAO bayan 26 ga Yulin 2023, sun sake toshe hanyar cin rani da ƙaramin fatauci.

Masu kallon finafinan Indiya za su gane abin. A can, mutanen jahar Bihar ne ke ɗaukar kaya da aikin gini a Delhi da Mumbai, amma kalmar "Bihari" ta zama zagi, har a 2008 aka yi ta dukansu a titunan Mumbai.

A ganina, illar irin wannan suna ta wuce ɓacin rai. Yarinyar da ta zo aikatau daga Mayayi ana yanke mata albashi tun kafin ta buɗe baki. Jami'in da ya ɗauka halin mutane ne ya jawo yunwa, wa'azi zai kai musu, ba zai yi tunanin bankin cimaka ko bashin da zai hana sayar da amfanin gona da kaka ba. Alhali manoman jahar nan ne, tun shekarun 1980, suka koma barin gawo da sauran itatuwa su tsiro cikin gonaki, dabarar da yanzu ake zuwa koyo daga wasu ƙasashen Afirka.