Wai Babu Abin Gani a Dutse?

Duk wanda ya tsaya a bakin hanyar da ta fita daga Dutse zuwa Kano ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, zai ga yadda gari yake tsiyayewa. Motocin ma'aikata ne a jere, kowa ya kulle ofis ya nufi inda yake ganin can ne rayuwa take. In ka tare ɗaya ka ce masa ya kwana biyu a nan mana, amsar ba ta wuce guda: "Haba Malam, me ke akwai a Dutse? Daga sakatariya sai duwatsu." Tun da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, ake maimaita wannan magana, har ta kai 'yan garin ma sun karɓe ta, suna faɗa wa baƙo tun kafin ya tambaya.

Na ƙarshe da na ji ta a bakinsa wani dattijo ne da muke aiki tare, mutum mai ilimi da nake girmamawa ƙwarai. Ya je kwas Ingila ya dawo, muka je yi masa barka da sauka, ya ɗauko waya yana nuna mana hotunan wani gari da suka je yini guda daga Landan, wai shi Kantabari. Tafiyar kamar awa ɗaya ce a jirgin ƙasa mai sauri. Ya nuna mana babbar majami'ar garin, da wurin da jaruman Sarki Henry na Biyu su huɗu suka kashe shugaban cocin, Thomas Becket, a 1170, da ragowar ganuwar birnin, da wasu matakalai na dutse da suka lotsa saboda ɗaruruwan shekaru da masu ziyara suka yi suna hawa. Ya biya kuɗin jirgi, ya biya kuɗin shiga, ya dawo da labari cike da baki. Da ya gama sai ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Ka ga ƙasashen da suke da tarihi. Mu nan me za mu nuna wa wani?"

Ban ce komai ba a ranar, don ba a musu da mai gida a kan tabarmarsa. Amma maganar ta tsaya mini, kuma ga amsata, Yallaɓai, cikin ladabi.

Zan fara da ba ka gaskiyarka. Ba mu da gini mai hawa sama kamar waccan majami'a, kuma ba za mu yi ƙaryar muna da shi ba. Gininmu na ƙasa ne, in damina uku ta wuce ba a yi masa yaɓe ba sai ya fara komawa inda ya fito. Ba mu da jirgin ƙasa mai tashi a kan lokaci, ba mu da allunan da ke nuna wa baƙo hanya, kuma zafin watan Afrilu ba ya barin mutum ya yi sha'awar yawo. Sannan mai neman abin da za a ɗora a murhu ba shi da kuɗin mota na zuwa kallon dutse. Duk wannan haka yake. Inda na rabu da kai shi ne da ka ɗauki rashin waɗannan abubuwa ka mayar da shi rashin abin gani. Tukunya daban, abin da ke cikinta daban.

Mu tafi Birnin Kudu tukuna, don can ne maganar ta fi nauyi. Daga Dutse ta Kwanar Huguma tafiyar ba ta cika awa ɗaya ba, wato kusan daidai da wadda ka yi daga Landan. A cikin duwatsun da suka kewaye garin akwai Dutsen Mesa, da Dutsen Habude, da Dutsen Murufu, kuma a ƙarƙashin rumfunan da duwatsun suka yi akwai zanen shanu da mutanen dā suka bari da jan launi. A shekarun 1950 wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, wanda sunansa ya shahara a kan binciken kayan tarihin Nok, ya zo ya duba su ya rubuta a kansu, daga baya aka sa su cikin wuraren tarihi na ƙasa da doka ta kare, a hannun hukumar gidajen tarihi ta Najeriya. Masana daga ƙasashen waje sun san sunan Birnin Kudu saboda zanen nan. Mutumin da ya shekara ashirin yana karɓar albashi a Dutse kuwa, sai ka tarar bai taɓa jin labarinsu ba.

Na je da yarana wata Asabar cikin hunturu. Da farko ban ga komai ba, gaskiya, sai jikin dutse da inuwa. Sai da ido ya saba da duhun wurin, sannan ƙaho ya fito, dogo, ya lanƙwasa, sai wuya, sai ƙafafu. Ina cikin ƙoƙarin yi musu bayanin da ni kaina ban ƙoshi da shi ba, sai ƙaramar 'yata ta ja ni ta riga ta ce, "Baba, ina tozonta?" Na sake dubawa. Saniyar ba ta da tozo, gadon bayanta a miƙe yake. Yarinya 'yar firamare ta gano da idonta abin da masana suka tsaya a kansa: shanun da aka zana ba irin waɗanda Fulani ke kiwo a yau ba ne, wasu irin shanu ne marasa tozo da suka yi zamani a wannan ƙasa kafin masu tozo su mamaye ta. Ashe hoton wata duniya ce da ta wuce, a nan, a gefen gonakin da ake noma gero. Har muka dawo gida tana leƙen kowane garke ta tagar mota tana duba tozo.

Kusa da zanen akwai abin da ya fi burge ni, wato duwatsun kiɗa. Falalen dutse ne da ya zauna a kan wani ta yadda in ka ɗauki ƙaramin dutse ka ƙwanƙwasa shi, maimakon ka ji ƙarar dutse sai ka ji amo kamar na ƙarfe, kowane gefe da irin muryarsa. Fagg ya rubuta cewa a zamaninsa kiɗan waɗannan duwatsu yana da alaƙa da al'adun aure a garin. Abin da ya tsayar da ni shi ne gurbin da ke jikinsu. Duk inda ake bugawa ya lotsa, ya yi sumul kamar cikin turmi, hannunka na shiga ya zauna daram. Ka lissafa bugu nawa ake yi kafin dutse irin wannan ya lotsa haka, da hannaye nawa. Yallaɓai, matakalan da ka ɗauka a hoto a Kantabari ai wannan ne abin da suka nuna maka, cewa mutane sun daɗe suna zuwa har dutse ya ji jikinsa. Namu ma ya ji, sai dai babu wanda ya tsaya kusa da shi da tikiti a hannu.

Mu dawo Dutse. Wanda ya ce gari ne na jiya, sabuwar Dutse ya sani, ta sakatariya da dandalin Malam Aminu Kano da jami'ar tarayya da aka kafa a 2011. Bai hau Garu ba. Can ne tsohon gari, a tsakiyar duwatsu, inda fadar Sarki take, kuma mutum na shiga lungunan zai gane dalilin da ya sa mutanen farko suka zaɓi wurin: duwatsun kansu garkuwa ne. Labarin baka ya ce wani maharbi ne, Duna Magu, ya fara zama saboda yawan gada a dajin, shi ya sa ake cewa Dutse Gadawur. Kundin tarihin sarakunan Kano kuwa ya ambaci Dutse tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, ya kuma auri 'yar Sarkin Dutse. Wato akwai sarauta a nan, mai ƙarfin da Sarkin Kano zai nemi surukuta da ita, tun kafin Turawa su san da akwai nahiyar Amurka. A zamanin Sarkin Kano Kumbari, a shekarun 1730, an gwabza yaƙi tsakanin Kano da Dutse ƙarƙashin wani jarumi mai suna Ada, wanda ake danganta ginin ganuwar garin da zamaninsa. A farkon ƙarni na 19 wasu shugabanni biyu, Salihi da Musa, suka jagoranci jihadi a yankin. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a tsaya a kansa yini guda, a wurin da abin ya faru, ba a aji ba.

Ga kuma dabinon da ya yi wa garin rawani, wanda saboda shi cibiyar binciken kwakwar manja ta tarayya take da reshen binciken dabino a Dutse. Ga kasuwar Shuwarin a ranar cinta. Ga hawan Sallah da hawan Bariki, da mutanen ƙananan hukumomi bakwai na masarautar ke cika gari dominsu. Wanda yake da kwana biyu ya miƙa Haɗeja, inda Sarki Muhammadu ya yi shahada a hannun sojojin Ingila a 1906, ko fadamar Baturiya lokacin da tsuntsayen Turai ke sauka gudun sanyi. Abin dariya, su tsuntsayen Turai sun san hanyar Jigawa, mu ne muke cewa babu abin zuwa.

Akwai wata magana da ke biye da ta farko, ita ma ina jin ta sau da yawa, wai yawon buɗe ido al'adar Nasara ce, Bahaushe ba ya tafiya sai da dalili. Wannan kam ban san inda aka samo ta ba. Su waye suke hawa Dala ranar Takutaha a Kano? Su waye suke cika mota zuwa Hubbaren Shehu a Sakkwato? Yaran da ake yi wa kwalliya su yini suna yawon Sallah fa? Mu ne muka ce tafiya mabuɗin ilimi, mu ne muka ce gani ya kori ji. Malamanmu ma kullum suna tunatar da mu cewa addini ya kwaɗaitar da tafiya a bayan ƙasa don a ga yadda na dā suka ƙare, a ɗauki darasi. Sunan ne sabo, abin kuwa tare muka tashi da shi.

To me ya sa Kantabari take cika da baƙi, Birnin Kudu kuwa shiru? A ganina ba tsufa ba ne, ba kuma kyau ba ne. Can an yi shekaru ana ba da labarin wurin, ana nanata shi. Tun da mai wa'azin Kirista Augustine ya sauka a garin a 597 ake rubutawa, marubucinsu Chaucer ya gina shahararren littafinsa a kan ayarin masu ziyarar garin, UNESCO ta sa majami'ar cikin kayan gadon duniya a 1988, kuma yaron makaranta yana jin sunan tun yana ƙarami. Kafin ka sayi tikitin jirgi, Yallaɓai, an riga an sayar maka da labarin. Da za a kai mutum gaban waɗancan matakalai ba tare da an gaya masa komai ba, cewa zai yi tsofaffin matakalai ne da ya kamata a gyara. Mu kuwa an ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Muna wuce duwatsun Garu safe da yamma, ba mu ganin komai sai wurin da awaki ke hawa.

Abin da ke damuna a cikin wannan magana ta "babu abin gani" shi ne tana da sakamako. Abin da aka yarda ba shi da daraja ba a tsaronsa. Na taɓa hawa wani dutse a yankin nan na tarar samari sun rubuta sunayensu da na 'yan matansu da fenti da gawayi, daidai inda bai kamata ko yatsa ya taɓa ba. Ban zarge su sosai ba, babu wanda ya taɓa gaya musu me ke wurin. Ga masu fasa dutse da ke cin duwatsu daga gefe saboda gine-ginen da gari ke buƙata, su ma neman halak suke. Gini in ya rushe ana iya sake shi. Zanen saniya marar tozo in aka fasa dutsensa aka yi tsakuwa da shi, ya tafi ke nan har abada.

Ba na cikin masu jiran sai gwamnati ta gina otal mai hawa goma kafin a fara. Abin da ake buƙata da farko bai kai haka tsada ba: allo a bakin hanya da Hausa da Turanci, inuwa da ruwan sha da makewayi, da samari 'yan gari huɗu ko biyar da aka zaunar da su gaban dattawan fada da malaman tarihi na jami'a har suka iya ba da labari daidai, ba tare da ƙari ba. In shugaban kowace makarantar sakandare a Dutse da Kiyawa da Jahun zai kai ɗalibai Birnin Kudu sau ɗaya kafin su gama, cikin shekara goma babu mai sake tambayar me ke akwai a nan.

Yallaɓai, ga gayyata. Asabar ɗin da ka ga dama, ka fasa zuwa Kano sau ɗaya. Mu tashi bayan sallar asuba, mu hau Garu kafin rana ta ɗaga, mu karya da ƙosai da koko a bakin hanya, mu isa Birnin Kudu kafin dutse ya yi zafi. Ka zo da jikokinka da wayar nan da ka nuna mana hotuna, man mota kuma ni zan zuba. Sharaɗi ɗaya ne: a nemi izinin masu kula da wurin kafin a shiga, kuma kada kowa ya taɓa zanen da hannu.