Tseren keke a Tahoua: yadda wasan yake, da abin da zai sa ya zauna da gindinsa

Duk wanda ya fito da sassafe a Tahoua ya san keke yana nan da ransa. Ƴan lakol na tafe da jaka a baya, mai lambu ya ɗaure buhun salati, magini ya saƙale cebur ɗinsa. Ranar Lahadi kuwa, ranar kasuwa, mutanen Kalfu da sauran ƙauyukan kewaye na shigowa gari a kan tsofaffin kekunan da wasu suka gada daga iyayensu. Kabu-kabu da adaidaita sun cika titi, amma keke ne abin hawan da ba ya shan mai.

Sai dai hawan keke daban, tseren keke daban. Galibinmu ba mu ganin tsere sai lokacin bukukuwa: a tare hanya, ƴan kallo su yi tafi, a miƙa kyauta, kowa ya watse sai baɗi. Wannan ne ya sa matasa da dama ke tambaya: ta ina ake shiga wasan, kuma me ya sa maƙwabtanmu suka yi mana nisa?

Ire-iren tsere

Tsere iri huɗu ne aka fi sani. Na farko shi ne na zagaye a cikin gari, inda ake zaɓen hanya mai kilomita 2 ko 3 a yi ta kewaya ta. Shi ne mafi sauƙin shiryawa, kuma ƴan kallo na ganin masu tsere sau da yawa. Na biyu shi ne na gari zuwa gari, misali daga Tahoua zuwa Tabalak, tafiyar kimanin kilomita 50, a juyo. Na uku tsere ne da agogo: kowa ya tashi shi kaɗai, wanda ya fi ƙarancin lokaci ya ci. Na huɗu shi ne na kwanaki, zango bayan zango, ana tara lokacin kowa. Wanda ke kan gaba a jimilla shi ke sanya riga mai ruwan ɗorawa, kamar yadda ake yi a Tour de France, gasar da aka fara a 1903, wadda a yau ke da zango 21.

Sirrin yana cikin iska

Mai kallo kan yi mamaki ganin masu tsere sun cure wuri guda kamar garke, maimakon kowa ya yi ta kansa. Dalilin shi ne iska. Idan keke ya yi gudu, mafi yawan ƙarfin mahayi na ƙarewa ne wajen keta iskar da ke gabansa. Wanda ya laɓe bayan wani yana adana kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa. Shi ya sa ake karɓa-karɓa: wannan ya ja gaba na ɗan lokaci, ya koma baya ya huta, wani ya karɓa. A kowace ƙungiya akwai waɗanda aikinsu kawai su tare wa gwaninsu iska, su kawo masa ruwa, har ma su ba shi tayarsu idan tasa ta yi faci, don ya isa kilomitan ƙarshe da sauran ƙarfi.

Mu a Adar muna da malamin da ke koyar da wannan darasi kyauta, wato hunturu. Iskar na busowa daga arewa maso gabas. Wanda ya nufi Tabalak a watan Janairu zai sha ta a fuska, wajen dawowa kuma ta tura shi kamar an ɗaura masa inji. Yaron da ya ƙarar da ƙarfinsa shi kaɗai wajen zuwa, ayari zai wuce shi tun kafin a hango tafki. Hanyar Ƙonni kuwa, mai hawa da gangara a wajen Badagishiri, ta dace da koyon hawan tudu.

Tsanin da ake hawa

Wasan na da matakai. A ƙasa akwai kulob na unguwa ko na gari. Kulob-kulob na jiha su ke haɗuwa su kafa reshen jiha, wanda ke ƙarƙashin hukumar tseren keke ta ƙasa da ke Yamai. Ita kuma tana cikin hukumar Afirka da ta duniya, UCI, wadda aka kafa a 1900, mai mazauni a garin Aigle na ƙasar Suwizalan. Mai tsere na shiga wannan tsari ne da lasisi, takardar da ake sabuntawa duk shekara, wadda ke nuna kulob ɗinsa da rukuninsa. Ƴan shekara 17 da 18 rukuninsu daban, ƴan ƙasa da 23 daban, manya daban, mata ma haka. Ana raba su ne don kada a haɗa yaro da ƙato a kashe masa gwiwa tun ranar farko.

Abin lura shi ne, duk tsanin na tsaye ne kan matakin ƙasa. Idan babu kulob da ke fita atisaye kowane mako, reshen jiha suna ne kawai a takarda.

Darasin maƙwabta

Burkina Faso ba ta fi mu sanyi ko arziki da wani abin a zo a gani ba, amma tun 1987 take shirya Tour du Faso, gasar da ke jawo masu tsere daga Afirka da Turai. Ƴan ƙasar na cin ta: Mathias Sorgho a 2018, Paul Daumont a 2023. Waɗannan ba a rana guda aka haife su ba. Sun taso ne cikin ƙananan gasanni da ake yi a tsawon shekara a Wagadugu da Bobo Julaso.

Haka labarin Biniam Girmay ɗan Iritiriya. A titunan Asmara ya fara tsere, a 2018 ya shiga cibiyar horo ta UCI a Suwizalan, a 2024 kuma ya ci zango 3 a Tour de France tare da koriyar riga ta wanda ya fi tara maki. A watan Satumban 2025, birnin Kigali na Ruwanda ya karɓi gasar duniya ta tseren keke a kan titi, karo na farko a Afirka. Abin da ya haɗa ƙasashen uku shi ne yaro na samun inda zai gwada kansa a kai a kai, ba sau ɗaya a shekara ba.

Ina gizo ke saƙa?

Matsala ta farko kayan aiki. Keken tsere na gaske ya fi babur tsada, na manyan ƙwararru ya kan kai miliyoyin sefa. Dokar UCI ta ce kada nauyinsa ya gaza kilo 6.8, alhali keken da muke ɗauko buhu da shi ya ninka haka har da ƙari. Ko manyan ƙasashe na shan wuya: a gasar Olamfik ta Paris a 2024, ƴar Najeriya Ese Ukpeseraye sai da tawagar Jamus ta ara mata keke kafin ta shiga wani tsere. Sai dai wannan ba hujjar zama ba ce. Ana iya ware rukunin kekunan gida, kowa ya zo da irin nasa, a yi gasa tsakanin tsara. Gwani a kan keken ƙarfe gwani ne, kuma daga nan ake gane wanda ya cancanci a saya wa na tsere. Masu faci da masu gyara na gari su ma suna da rawar takawa, domin siririyar taya ba ta shiri da tsidau da ramuka.

Ta biyu hanya. Titin da ya ratsa Tahoua zuwa Agadez da Arlit hanyar manyan motoci ce. Tsere a kansa na buƙatar izinin hukuma, jandarmomi a gaba da baya, ƴan sanda a mahaɗu, motar asibiti, da masu riƙe awaki da yara a bakin ƙauyuka. Hular kwano wajibi ce a gasa, ya kamata kuma ta zama haka a atisaye. Yanayin tsaro a arewacin jihar, inda aka sa Tillia da Tassara cikin dokar ta-ɓaci a 2017, ya sa duk wata doguwar tafiya sai an yi shawara da hukuma tukuna.

Ta uku rana. A Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40. Lokacin da ya dace shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a tashi bayan sallar Asuba a gama kafin hantsi ya yi zafi, a tanadi ruwa a hanya, a kuma dubi watan azumi wajen tsara jadawali.

Hawan keke na taimako

Ba kowa ne zai yi tsere ba. Akwai fitar da ake yi tare, a hankali, daga dattijo har ɗalibin Jami'ar Djibo Hamani, don a ja hankali kan wata matsala ko a tara gudummawa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 3 ga Yuni a matsayin Ranar Keke ta Duniya tun 2018. A nan ranar na faɗowa cikin zafi, don haka gajeren zagaye da asuba ya wadatar.

Irin wannan fita na da ƙa'idodi uku idan ana so jama'a su yarda da ita. A faɗi wanda za a taimaka wa tun farko, da sunansa: asusun jini na asibitin jiha, wanda buƙatarsa ke ƙaruwa lokacin zazzaɓin damina, ko wata makaranta, ko gidan marayu. A ƙayyade kuɗin rajista da kowa zai iya biya. Sannan a karanta lissafi a rediyo, abin da ya shigo da abin da aka kashe. Inda kuɗin riguna da lasifika suka cinye gudummawa, baɗi ba wanda zai fito. Ribar lafiya kuma tana nan: Hukumar Lafiya ta Duniya na ba babba shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, abin da ke taimakawa wajen kauce wa hawan jini da ciwon sukari. Ƴan mata ma na hawa keke zuwa makaranta, kuma fita cikin ayari tare da malamansu da yardar iyaye ita ce ƙofar da ta fi sauƙin buɗe masu.

Daga ina za a fara?

Tahoua ta san yadda ake renon gwani. Ɗan kokowar da ke shiga filin Hamidine Maïdaré ya fara ne daga dandalin ƙauye bayan girbi, ya bi ta gunduma da jiha kafin ya nemi takobi. Garin ya kuma nuna a bikin Tahoua Sakola na 18 ga Disamban 2017 cewa yana iya shirya babban taro, kuma titunan da aka gyara a lokacin sun isa a fitar da zagaye a cikinsu.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin gari ba: zagaye guda da ofishin magajin gari zai riƙa rufewa na awa biyu da safe sau ɗaya a wata a lokacin sanyi, littafin da za a rubuta sunan kowa da lokacinsa, da malamin wasanni ɗaya ko biyu da za su riƙe yaran. Ƴan kasuwa da ƴan Adar mazauna Abijan da sauran ƙasashen waje, waɗanda suka saba gina masallatai da rijiyoyi a garuruwansu, na iya ɗaukar nauyin keke biyu ko uku da huluna. Idan aka yi hunturu uku a jere ana cika littafin nan, duk ranar da Yamai ta nemi masu tsere daga jihohi, Tahoua na da sunayen da za ta miƙa, kowanne da lokacinsa a rubuce.