Dariya Ma Tana Buƙatar Mai Gyara

A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, matasa na rubuta gajerun wasannin barkwanci domin makaranta ko TikTok. In sun nuna rubutun, abin da suke samu bai wuce biyu ba: yabon aboki ko zagin baƙo. Babu wanda ke koyar da su komai.

Tambayar farko da ta kamata mai gyara ya yi ita ce: wa ake yi wa dariya? A yankin da aka sace ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, wasa da kuɗin fansa na iya fama raunin wanda ke zaune cikin 'yan kallo. Barkwancin Fulani da Barebari ya ɗore ne saboda kowane ɓangare ya yarda, kuma yana ramawa. Wasan da ya mai da kowane Bafulatani ɗan bindiga kuwa, hura wutar gaba yake yi. Marigayi Usman Baba Pategi ya karkata dariyar Samanja ne kan mai kaki da tsawa, shi ya sa talaka ya dara hankali kwance.

Bayan wannan, a karanta wasan a bayyane gaban mutane kaɗan, a lura da inda suka yi tsit, a nuna wa marubuci ainihin layin da ya mutu. Shi kuma ya saurara, kada ya tsaya kare kansa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.