Yadda Rarar Kayan Kamfanoni Ke Isa Gidajen Mabuƙata a Birtaniya

Idan hannun magidanci ya fara bushewa, akwai buƙatun da ba sa ɗaga ƙafa. Kuɗin haya ba ya jira. Wuta da gas ma haka, balle a ƙasar da sanyin hunturu ke iya kwantar da mutum. Ciki kuwa dole a ba shi haƙƙinsa, ko da an rage mudu. Abin da ake fara haƙura da shi su ne sabulu, man goge baki, omo, audugar mata, ƙunzugun jarirai da zanen gado. Haka aka yi a gidaje da dama a Birtaniya lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 11.1 cikin ɗari a watan Oktoban 2022, abin da rabon da a ga irinsa shekara 41 ke nan.

Ƙasar tana da wuraren raba abinci kyauta tun kafin wannan. Ƙungiyar Trussell Trust kaɗai ta raba ƙunshin abinci fiye da miliyan 3 daga Afrilun 2023 zuwa Maris ɗin 2024. Amma ƙunshin taliya da wake ba ya wanke rigar makaranta. Yaron da ya je aji da kayan da suka kwana biyu ba su ga wanki ba, abokansa za su tsangwame shi, gobe sai ya ce kansa na ciwo. Yarinyar da ba ta da auduga ta kan zauna a gida har kwanakin su wuce. Wannan talauci ne da mai shi ke ɓoyewa saboda kunya, shi ya sa aka daɗe ba a kula da shi ba.

A ɗaya gefen kuma, kamfanoni na zaune da tulin waɗannan kayan ba su san yadda za su yi da su ba. Wani kwalinsa ne ya lotse a mota. Wani an canza masa tambari, sai tsohon ya zama kwantai. Wani saye aka yi ta intanet aka dawo da shi ko leda ba a yage ba. Lafiyarsu ƙalau, amma ajiye su a sito kuɗi yake ci, sau da yawa zubar da su ya fi wa kamfani araha. Faransa ta kafa dokar hana lalata irin waɗannan kaya, wadda ta fara aiki a 2022. A Birtaniya kuwa, ƙungiyoyi ne suka shiga tsakani.

Daga cikin na farko akwai In Kind Direct, wadda Sarki Charles ya kafa a 1996, tun yana yarima mai jiran gado. Kamfanoni suna ba ta kaya, ta tara a rumbunta, ƙananan ƙungiyoyi su yi rajista, su zaɓi abin da suke so ta intanet, su biya ɗan abin da zai ɗauki nauyin sarrafawa da dako. Sai kuma sabon salon da tsohon firaminista Gordon Brown ya jagoranta a 2022 a yankinsu na Fife da ke Sikotland, tare da kamfanin Amazon da wata cibiyar kula da iyalai ta garin Kirkcaldy mai suna The Cottage. Suka kira shi Multibank, wato rumbu guda da ya haɗa tufafi, kayan kwanciya, kayan tsafta da na jarirai. Daga baya aka buɗe irinsa a Wigan da Swansea da Landan.

Aikin yana farawa ne da isowar babbar mota ƙofar sito. Kayan sukan zo a cakuɗe, tawul tare da takalma, kofuna a ƙarƙashin barguna. 'Yan sa kai ne ke buɗe kwalaye ɗaya bayan ɗaya, su duba ranar lalacewar man shafawa, su ware takalmin yaro da na babba, su fitar da abin da ya fashe, sannan a jera kowanne a kan kantarsa, a rubuta adadinsa. Wannan ne aiki mafi cin rai, kuma shi ne wanda ba a faye ɗaukarsa a hoto ba.

Daga nan sai rabo, kuma a ganina nan hikimar tsarin take. Ba a cewa mabuƙata su zo su yi layi. Malamar makaranta da ta lura yaro na zuwa ba rigar sanyi, ungozomar da ta shiga gida ta tarar jariri ba shi da abin kwanciya, ma'aikacin jin daɗin jama'a da ya san gidan da uba ya rasa aiki, su ne ke rubuta buƙata, su karɓi kayan, su kai. Uwa tana karɓa daga hannun wanda ta saba da shi, maƙwabta ba su sani ba, mutuncinta yana nan. Kuma abin da ta rasa shi ake kai mata, ba abin da ya ragu a ƙasan kwali ba.

Su ma ƙungiyoyin unguwa suna samun sa'ida. Tsadar da ta taɓa jama'a ta taɓa su: masu neman taimako sun ƙaru, masu bayarwa sun ja baya, kuɗin wutar ofis ya hau. Gidan da ke ɓoye matan da suka gudo daga dukan miji, idan ya samu sabulu da tawul kusan kyauta, sai ya juya kuɗin sayensu zuwa albashin ma'aikaciyar da ke kwana da su.

Sai dai tsarin yana da iyaka. Rumbun yana samun abin da ya yi wa kamfani yawa ne, ba lallai abin da gidaje suka fi buƙata ba. Ana iya cika da kayan ado alhali ƙunzugu ya ƙare. Kuma kaya kyauta ba sa kai kansu. Akwai hayar sito, man mota, direba, da mai riƙe lissafi. Shi ya sa Amazon da ƙungiyar Comic Relief suka buɗe asusu na musamman don ɗaukar nauyin waɗannan rumbuna, domin mutane sun fi saurin ba da bargo a kan biyan kuɗin motar da za ta kai shi.