Barkono da Ciwon Daji: Ina Gaskiyar Take?

Daga Funtuwa zuwa Bakori da Danja, har Kafur da Malumfashi, barkono da attarugu da tattasai suna cikin amfanin gonar da ke biya wa yaranmu kuɗin makaranta, da su kuma muke fitar da zakka da baiko. Sai ga magana iri biyu tana yawo cikin ikilisiyoyinmu. Wasu sun ce yaji na kawo ciwon daji, wasu kuwa sun ce maganinsa ne. To, me masana suka gano?

Abin da ke sa barkono zafi wani sinadari ne mai suna kafsaisin. Yawancinsa yana cikin farin naman nan da 'ya'yan ke manne da shi. A 1997 Dauda Juliyas, wani masani a Amurka, ya gano ƙofar da sinadarin ke taɓawa a jijiyoyinmu, wadda ita ce ke sanar da ƙwaƙwalwa idan abu mai zafi ya taɓa mu. Ashe harshe ba ya ƙonewa, ruɗinsa ake yi. Wannan aiki ya ba shi kyautar Nobel a 2021.

Game da ciwon daji kuwa, sakamakon ya rabu. A 1994 wani bincike a birnin Meziko ya nuna masu cin barkono sun fi kamuwa da sankarar ciki. A 2006 likitoci a Los Anjalis sun ba ɓeraye kafsaisin, ƙarin sankarar da aka dasa musu bai girma sosai ba. Amma ɓera ba mutum ba ne, kuma abin da aka ɗura musu ya fi ƙarfin abin da ke cikin miya nesa ba kusa ba. A 2015 kuma, binciken da ya bi mutane kusan rabin miliyan a ƙasar Sin ya samu cewa masu cin yaji kusan kullum mutuwarsu ta ragu da kashi 14 cikin ɗari. Har yau dai ba a tabbatar cewa barkono na haddasa ciwon daji ko yana warkar da shi a jikin ɗan Adam ba.

Haɗarin da aka tabbatar yana wajen shanya da ajiya. Barkonon da aka baza a ƙasa ko bakin titi, raɓa ta sauka masa, aka zuba a buhu bai gama bushewa ba, yakan yi fumfuna. Wannan fumfuna tana fitar da guba mai suna afulatoksin, irin wadda ake samu a gyaɗa da masara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke jawo sankarar hanta. Dafuwa ba ta kashe ta, kuma ga mai ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a ƙasarmu, haɗarin yakan ninka sau da yawa.

Saboda haka, 'yan'uwa, mu yi shanya a kan tabarma ko tamfol, mu kwashe kafin raɓa, mu ɗora buhuna a kan katako. Wanda ya yi baƙi ko ya yi fari-fari a ciki a zubar da shi. Daka ruɓaɓɓe a sayar da shi garin yaji zunubi ne ga maƙwabci, domin wanda zai ci bai san me aka daka ba. Zumuntar mata na iya ɗaukar wannan a taronsu na mako.

Wanda ke rama, ko yana amai da jini, ko abinci na tsaya masa, kada a ba shi jiƙon barkono a zauna. A kai shi babban asibitin Funtuwa ko na Malumfashi, inda za a iya tura shi asibitin koyarwa na Shika, Zariya, mai sashen kula da ciwon daji. A gwada jini don ciwon hanta, a yi wa jarirai rigakafinsa. Manzo Bulus ya tuna wa Korintiyawa cewa jikinmu haikali ne, ba namu ba. Mu yi wa marasa lafiya addu'a, mu kuma haɗa musu kuɗin mota zuwa asibiti.